Alhamzar da Na Cire

Littattafai goma sha ɗaya Kawu ya kawo mini shagona na Funtua, a cikin wankakken buhun taki. Irin littattafan rubutun nan ne na 'yan firamare, kuma babu shafi ɗaya da ya bari fari. Kawu wan mahaifiyata ne. A hannunsa na yi firamare a Dayi, shi ne malaminmu na Hausa a aji, shi ne kuma mai tashina sallar asuba a gida, saboda haka ba ni da wurin ɓuya. Tun kafin ya yi ritaya ya ɗauki wata ɗabi'a da mutane suka daɗe suna yi masa dariya a kai. Duk ranar kasuwa zai hau kekensa, daga baya babur, ya je ya tsuguna wurin tsofaffin manoma a Dayi ko Kafur ko Malumfashi, yana tambayarsu sunan kaza da sunan kaza na aikin gona. Ya rubuta kalma, ya rubuta ma'anarta, ya rubuta garin da ya ji ta. Cewa yake tun da maganin feshi ya shigo, yaran yanzu ba su san bambancin noman firi da maimai ba, don ba su taɓa yin ko ɗaya ba.

Ni aikina buga takardu ne da hoto da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. A jikin allon shagon na rubuta har da haɗa shafin intanet, alhali guda uku kawai na taɓa haɗawa, ɗaya ma nawa ne. Wannan rubutun ne Kawu ya ji labarinsa. Ya ce ba ya son a buga masa littafi a jibge a ɗaki gara ta cinye, yara waya suke buɗewa, to a sa musu a wayar. Sunan aikin ma da bakinsa ya faɗa mini na rubuta: Maganar Gona Don 'Ya'yanmu.

Bayan ya tafi da kwana biyu 'yarsa ta kira ni. Ma'aikaciyar jinya ce a Malumfashi, kuma taubashiyata ce, ba ta taɓa kirana ba tare da ta fara da tsiya ba. Injiniyan hoto take ce mini. Ranar ma ta yi tsiyarta ta gama, sannan ta gaya mini abin da Kawu bai faɗa ba. Hawan jinin ido ne ke damunsa. Idon hagu ya riga ya tafi tun bara waccan, na dama kuma kullum ƙara tsukewa yake, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Maganin da ake ɗiga masa jinkiri kawai yake yi. Ta ce babu abin da tsohon yake so yanzu irin ya ga aikinsa a waya da idonsa, tun da sauran idon. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin wata biyu ne.

Wata huɗu na yi. Ina bugawa tsakanin mai son hoton fasfo da mai son takardar haya, a ɗauke wuta in tayar da janareta, data ta ƙare in saya. Kai tsaye nake zubawa a cikin shafin, ban ajiye kwafi a ko'ina ba, don a ganina ɓata lokaci ne. A makon da aka fara karyar masara na buga kalmar ƙarshe. Shafin ya tsaya da ƙafarsa. Ba shi da ado, amma komai yana nan, daga baƙin farko har na ƙarshe, in ka danna ya buɗe.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in rufe shago ranar Asabar in hau mota in kai masa. Ban yi ba, kuma ba zan laɓe da cewa aiki ne ya riƙe ni ba. Iyayi ne. Na ga wani shafi mai ɗan akwati a sama, ka rubuta kalma ta faɗo maka nan take, sai na ji nawa ya zama na ƙauye. Na riƙa hango kaina durƙushe gaban Kawu, ya faɗi kalma in buga ta fito, ya girgiza kai. Mutumin nan tun ina yaro bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba. In na ci tara cikin goma, ɗayan nan zai tambaya. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma yabon nan nake nema kamar ɗan aji biyu. Na kwashe kusan mako biyu ina sauya launi, ina gwada hoton zangarniyar dawa a sama ina cirewa, ina neman abin da zai ba ni akwatin.

Na samo shi. Fulogin ake ce wa irinsa, wato ɗan ƙarin manhaja da ake liƙa wa shafi ya yi wani aikin da da ba ya yi. Wata Laraba bayan azahar na sauke shi, na danna wurin kunnawa. Ƙaramar da'ira ta yi ta juyawa, ta juya, sai allon ya yi fari fat. Na sake buɗewa, fari. A karo na uku wani layin Turanci ya fito da lamba ɗari biyar a gabansa, yana cewa an sami matsala a cikin sabar, babbar kwamfutar kamfanin da shafin yake zaune a cikinta. Wace matsala, bai faɗa ba. Na nufi ƙofar baya, inda mai shafi ke shiga ya yi gyara, ita ma lambar nan ce tsaye a bakinta. Nan na tuna wata huɗun nan duk suna ciki.

Na yi abin da duk wanda na karanta a intanet ya ce a yi. Na shiga ma'ajiyar fayiloli ta wurin kamfanin, na nemo foldar fulogin ɗin na sauya mata suna. Ɗari biyar. Na goge ta gaba ɗaya, da haushi, har ina ce mata ta tafi can. Ɗari biyar. Wani ya rubuta cewa ƙwaƙwalwar da aka ware wa shafin ce ta yi kaɗan, na ƙara. Wani ya ce a sauya wa sabar sigar manhajarta, na sauya zuwa sabuwa, na koma tsohuwa, na dawo inda nake. Wani Bature mai gemu ya yi minti ashirin yana surutu a bidiyo, ya cinye mini data, ƙarshe abin da ya ce shi ne a goge foldar da na riga na goge. Duk wanda ya shigo shago a kwanakin nan ya sha faɗa ba gaira ba dalili. Wata tsohuwa da ta zo hoton katinta na yi mata tsawa don ta ce hoton ya yi duhu, kuma ya yi duhun.

Kwana na biyu na rubuta wa kamfanin. Wata mata ce ta amsa, da ladabinta. Tambayar farko da ta yi ita ce ko ina da kwafin ajiya na shafin kafin ya lalace. Na ji kamar ta zage ni. Ta ce kalmomina suna nan ba su ɓace ba, amma su ba sa gyara manhajar da ba tasu ba. Daga nan saƙon ya ci gaba, dogo, Turanci jere-jere, ni kuwa ina ganin wannan jimlar na rufe shi. Na yi ta mita ni kaɗai cewa sun iya karɓar kuɗin mutum sun kasa taimakonsa.

Taubashiyata tana kira kusan kullum. Na ce mata matsalar sabis ce. Na ce mata kamfanin ne ke gyare-gyare. Na ce saura ƙiris. Ban taɓa gaya mata cewa shafin ya taɓa tsayawa lafiya lau ba, kuma ni na kayar da shi da hannuna. Tun tana ce mini injiniyan hoto har ta daina, ta koma gaisuwa da tambaya kawai, kuma wannan ya fi tsiyar ciwo.

A kwana na takwas sai ga ta a shagon da kanta. Ta zo Funtua neman maganin ɗigawar da ya yanke a wurinsu. Ta zauna a bencin masu jira, ta ƙi shan ruwan da na miƙa mata. Ta ce shekaranjiya Kawu ya zuba shayi a gefen kofi, a kan tabarma, bai sani ba sai da ya ji zafi a ƙafarsa. Ta ce jiya da hantsi ya tambaya ko hadari ne ya haɗu, alhali rana ta ƙwalle.

"Ko rabi ne ka kai masa," ta ce. "Ko shafi ɗaya. Mi kake jira?"

Na juyo mata da kwamfutar ta ga farin allon. Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki jakarta. Ban iya raka ta bakin titi ba don kunya.

Bayan ta fita na koma kan saƙon matar kamfanin, don ba ni da sauran wurin zuwa, na karanta shi har ƙasa. Ashe tun ranar ta rubuta mini, ɗaya bayan ɗaya, yadda zan kunna wani fayil da sabar ke rubuta duk abin da ya sa ta tuntuɓe. Kwana shida maganin yana zaune a akwatin saƙona ina zagin wadda ta aiko shi. Na bi abin da ta ce, na sake buɗe shafin ya faɗi, na je na buɗe fayil ɗin. Layi ɗaya ne, an maimaita shi. Ya ambaci babban fayil ɗin saitin shafin, ya ce a layi na sha tara an ci karo da wani abu da ba a yi tsammani ba, sunansa Ya.

Kaina ya ɗaure. Na ɗauka Ya ɗin nan wata taƙaitacciyar kalma ce ta masu kwamfuta, har na shiga nemanta a intanet, na sami shirme iri-iri. Sai da na gaji na yi abin da ya fi sauƙi, na buɗe fayil ɗin saitin na ƙirga layuka da yatsa. A na sha tara ga sunan aikin Kawu zaune, Hausa tsantsa a tsakiyar Turancin na'ura. Maganar Gona Don 'Ya'yanmu.

Na jima ina kallonsa kafin na gane. Fulogin ɗin, lokacin da na kunna shi, ya kwafi sunan shafin ya rubuta a nan, shi ya sa goge foldarsa bai yi komai ba, ya riga ya bar ɓarnarsa a wani ɗakin. Kuma a ƙa'idar na'urar, in za a rubuta suna sai a sa shi tsakanin 'yan alamu biyu, ɗaya ta buɗe ɗaya ta rufe. Alamar kuwa ita ce sak alhamzarmu, 'yar ƙugiyar nan da muke ɗorawa a gaban y. Na'ura tana karantowa, ta iso alhamzar farko ta 'ya'yanmu, ta ɗauka an rufe suna. Sai ta ga Ya tsaye a waje ba ta san ko na wane ne ba, ta zauna ta ƙi motsi. Wanda ya ƙera fulogin ɗin, ko a wace ƙasa yake, bai taɓa kawowa a ransa akwai mutanen da ke fara kalma da wannan alamar ba. Na yi dariya ni kaɗai a shago, irin wadda ba ta da daɗi.

A nan ne na yi abin da ya fi damuna har yau. Hanya biyu ce a gabana, kuma duka na gan su sarai. In goge layin nan gaba ɗaya, shafin ya dawo yadda yake da, sunansa daidai, babu akwatin nema. Ko kuwa in cire alhamza biyun daga sunan shafin, in mayar da fulogin, in sami akwatina. Bayan duk abin da ya faru, bayan shayin da ya zube a tabarma, akwatin na zaɓa. Na ce wa kaina ai kowa haka yake rubutawa a waya, wa zai tsaya neman alhamza. Na cire su, na mayar da fulogin, na kunna ina riƙe da numfashi. Shafin ya buɗe, akwatin yana sama yana jira. A kansa da manyan baƙaƙe an rubuta Maganar Gona Don Yayanmu.

Ba wai ban san abin da na yi ba. Aikin da aka yi don yara ya koma na wani babban wa guda ɗaya. A ajin Kawu in ka rubuta yaya a wurin 'ya'ya, fito da kai yake gaban allo ya tambaye ka ina ka kai yaran gidan, da ka kore su ka zaunar da ƙato. Aji ya yi ta dariya, kai kuma ka rubuta ta sau hamsin kafin ka tafi tara. Ni kaina na sha rubutawa. Na san in ya gani zai yi faɗa, har na shirya amsar da zan ba shi, cewa laifin na'ura ne kuma zan gyara.

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Malumfashi, daga can na sami ta Dayi. Duk hanya buhunan masara ne a bakin titi da mata suna ɓare masarar a kan shimfiɗa. Ni dai wayata nake ta buɗewa ina dubawa ko shafin yana nan, har na kusa cinye cajin.

Na same shi a zaure, zaune a kan buzunsa, 'yarsa tana gefe, ranar ba ta da aiki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon wajen kafaɗata. Ya tambayi mahaifiyata da yara da kasuwa, bai tambayi aikin ba, sai da na ce na kawo. Na ƙara wa wayar haske har ƙarshe, na buɗa sunan da yatsu biyu ya yi girma ya cika allon, na sa masa a hannu. Ya kai ta dab da hancinsa. Ya karkatar da kai, ya kawo ta ta gefen dama, ya mayar. Ya ce a matsar da shi bakin ƙofa, muka kama shi muka matsar. Ya daɗe a haka, kukan injin ɓarza yana shigowa daga bayan gida.

"Ga shi kuwa," ya ce. "Ya fito."

Na yi maza na ce ya faɗi duk kalmar da yake so. Ya ce sungumi. Na karɓi wayar na buga a akwatin, ta faɗo, na karanta masa: fartanya mai doguwar ƙota da ake saran shuka da ita a tsaye. Ya ce gayauna, na karanta. Ya ce a littafi na shida ya ƙara wani bayani a kanta a gefen shafi, na duba, lallai na tsallake shi. Duk yana kansa. Game da akwatin da na kashe mako uku a kansa, abin da ya ce kawai shi ne, to, abin da sauri.

Sai ya miƙo hannu na sake ba shi wayar, na mayar masa da ita kan sunan. Babban yatsansa yana kan kalmar ƙarshe, kowane baƙi ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗan.

"Sunan nan na sama," ya ce, "ka ɗora wa 'ya'yan alamarsu duka biyu ko?"

Kawu bai taɓa tambayar ɗalibi abin da ke rubuce a gabansa ba. Na ɗaga ido na dubi 'yarsa, ta kawar da kai tana gyara bakin mayafinta. Amsar da na shirya ta ɓace.

"Na ɗora, Kawu."

"Madalla. Haka na gani." Ya miƙo mini wayar ta inda ba nake ba, na kai hannu na tare. "Ka yi ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Shekara talatin ina jiran wannan maganar, ta zo, na rasa inda zan ajiye ta. Na ci abincin da aka kawo don kada a tambaye ni, na yi sallama tun kafin la'asar. A mota na yi kuka, wani dattijo mai kaji a kwando yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi mini.

Da na dawo Funtua na sake rubuta wa matar kamfanin, wannan karon da ladabi, na gaya mata abin da na gano. Ta ce in sa wani ɗan karkataccen layi a gaban kowace alhamza a cikin fayil ɗin, na'ura za ta gane cewa cikin sunan take. Minti goma bai cika ba na gama. Sunan ya dawo daidai, akwatin yana aiki, na yi kwafin ajiya har biyu. Duk wanda ya buɗe shafin yau ba zai ga aibu ba. Kawu kuwa kafin a gama kai amfanin gona gida ya daina bambance mutum da ƙyaure. Yana nan da ransa, kuma duk baƙon da ya zo sai ya gaya masa cewa shi da kansa ya duba aikin da idonsa kafin idon ya tafi, bai sami kuskure ko ɗaya ba. In ina wurin sai ya ce in shaida, ni kuma in ce haka ne.

Na sha yin niyyar gaya masa. Maganar alhamza ba za ta yi wuya ba, zai yi faɗa ya huce, wataƙila ma ya ji daɗin samun abin gyarawa. Abin da ke hana ni shi ne in na fara sai na kai ƙarshe, sai na faɗi ranar da aikin ya kammala. Na daɗe ina lallashin kaina da cewa wataƙila ko a lokacin ma ba zai gani ba.

Bayan sallar layya taubashiyata ta biyo ta shagon. Tsiyarta ta dawo, ta ce injiniyan hoto ya yi ƙiba. Ta ciro wata takarda daga jaka, ta ce ta tsince ta a ƙarƙashin buzun Kawu tana shara, kalmomi uku ne da ya tuno daga baya yake so a ƙara, ya manta bai ba ni ba. Na buɗe. Rubutunsa ne, ƙanana, kowane layi a miƙe a kan zarensa, kowace ƙugiya a inda take, har da wata alhamza da ya ɗora tsaf. Na tambaye ta yaushe ya rubuta, ina ƙoƙarin kada muryata ta sauya.

Ta ɗan yi tunani. Ta ce ba za ta manta ba, a makon da aka fara karyar masara ne, don tana zaune tana ɓare ta farko yana rubutawa, har ya karanta mata su ba tare da tabarau ba.

Ta tafi ta bar ni da takardar. Wani yana jira a yi masa hoto, na ce ya dawo gobe. Na ja kujera na zauna, na buga kalmomin nan uku a wurarensu.